Kagara a Bakin Teku, Ganuwa a Bakin Fadama

Albasa ce ta kai ni Gana. Bayan na gama bautar ƙasa na dawo Kalgo na yi wata bakwai ina jiran aikin da bai zo ba, sai Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya haura shekara ashirin yana safarar albasa zuwa kurmi, ya ce in zo in riƙe masa lissafi tunda an ce na yi boko. Muka yi lodi, muka ratsa Jamhuriyar Benin da Togo, muka sauke kaya a kasuwar Adjen Kotoku da ke bayan birnin Ankara, inda aka mayar da masu albasa daga Agbogbloshie a shekarar 2021. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san sauke kaya daban, karɓar kuɗi daban. Dillalai suka ce mu dakata kwana biyar. A rana ta biyu zaman ya ishe ni, na tuna da wani wuri da na taɓa amsa tambaya a kansa a jarrabawar aji biyu a jami'a a Sakkwato, na ce wa Baffa ina so in leƙa Elmina.

Ya dube ni ya ce, "Yanzu kai kuɗi za ka biya don ka ga kango? In kango kaka so, ga su nan birjik gida."

Na yi dariya na tafi. Amma maganar ta bi ni har can, ta kuma dawo da ni gida, ita ce kuma ta haifar da wannan rubutu.

Abin da na fara gani da mota ta kusa garin shi ne fari. Gini ne fari tas a kan wani dutse da ya kutsa cikin teku, ruwa na dukan gindinsa ta gefe guda, ta ɗaya gefen kuma ga bakin tafkin Benya cike da jiragen masunta masu tutoci launi-launi, ana ta sauke kifi ana hayaniya da yaren Fante. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Yawuri faɗi ba, sai da na daɗe a tsaye kafin in nemi ƙofa. Kuma Baffa bai faɗi daidai ba, domin wurin bai yi kama da kango ko kaɗan ba. Gwalalon da aka sassaƙa cikin dutse yana nan, gadar da ake bi a ƙetare shi tana nan, igogi suna jere a kan badala bakinsu na kallon teku, matakala tana ɗaukar mutum har ɗakin kwanan gwamna. Da a ce masu wurin za su dawo yau, shimfiɗa kawai za su nema.

Turawan Fotugal ne suka gina kagarar a shekarar 1482. Sarkinsu ya aiko wani jarumi mai suna Diogo de Azambuja da mutum wajen ɗari shida, sojoji da magina, har da duwatsun da aka riga aka sassaƙa tun daga ƙasarsu. Shekara goma ke nan kafin Kolumbus ya isa Amurka. A wannan lokaci Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano. Zinariya suka zo nema, shi ya sa ma suka kira wurin da sunan mahaƙa, kuma a shekarun farko har bayi suke sayowa daga ƙasar Bini su kawo nan su sayar wa fataken Akan a ba su zinariya. Daga baya ne ciniki ya juya, mutum ya zama shi ne hajar da ake fita da ita. A 1637 Turawan Holan suka hau tudun da ke fuskantar kagarar, suka kafa igwa, suka yi ta ruwan wuta har mutanen Fotugal suka miƙa wuya. Don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi, sai suka gina wata ƙaramar kagara a kan tudun, tana nan har yau. Suka riƙe wurin shekara 235 kafin su miƙa shi ga Ingila a 1872. A nan ne Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin su kai shi Saliyo, daga can kuma tsibirin Seychelles. Hukumar UNESCO ta sanya kagarar cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Duk wannan na san shi tun ina aji. Abin da littafi bai ba ni ba shi ne wari. Jagoranmu ya shigar da mu ɗakunan ƙasa inda ake tara waɗanda za a fita da su, maza gefe, mata gefe, ya ce a yi shiru. Ɗaki ne mai rufin baka, iska na shigowa ta wata 'yar kafa can sama, bango na gumi, kuma akwai wani wari mai nauyi da ya ƙi barin wurin. Ya nuna mana barandar da gwamna ke tsayawa ya leƙo farfajiyar mata ya zaɓi wadda za a wanke a kai masa, da ƙaramar matakalar da ake bi da ita. Ya nuna mana ɗakin da aka zana ƙoƙon kai a saman ƙofarsa, wanda ake jefa masu taurin kai a rufe har su mutu. A tsakiyar babbar farfajiya kuma ga cocin da mutanen Fotugal suka gina, wanda na Holan suka mayar wurin ciniki. Daga ƙarshe muka bi wani lungu a sunkuye zuwa wata siririyar ƙofa da mutum ɗaya kaɗai ke iya fita ta cikinta, wadda suke kira ƙofar da ba a dawowa.

A cikin ayarinmu akwai wata dattijuwa baƙar fata daga Amurka. Tun a ɗakin mata take hawaye. Da jagora ya ce mutanen da suka bi ta wannan ƙofa wasunsu daga can arewa mai nisa aka koro su da ƙafa, sai ta juyo ta tambaye ni daga ina nake. Na ce arewacin Nijeriya. Ta riƙe hannuna ta ce wataƙila danginta ne ni. Na gyaɗa kai, domin ban san abin da zan ce ba. A raina kuwa wata tambaya ce ta taso wadda ban so ta taso ba: in har akwai abin da ya haɗa kakanninta da nawa, wa ya tabbatar mini cewa a gefe ɗaya na igiyar suke?

Zan dawo kan wannan. Bari in fara biyan Baffa bashin maganarsa, domin gaskiya ne muna da kangaye, kuma ba ƙanana ba.

Shekara talatin da 'yan kai bayan an aza tubalin Elmina, wani mayaƙi a ƙasarmu ya yi abin da ba a yi zato ba. Muhammadu Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas, da aka dawo aka saɓa a kan rabon ganima, ya yi tawaye wajen 1516, rundunar Sanwai ta zo ta kasa karya shi. Daga nan Kabi ta zama daula mai cin gashin kanta, ta kuma tsaya tsakanin manyan giwaye biyu, Sanwai a yamma da Barno a gabas, ba tare da ɗayansu ya take ta ba. Kanta ya gina Surame, kuma da dutse ya gina ganuwarta, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa. Labarin baka ya adana yadda ginin ya ci mutane: ana cewa kowace ƙasa da ke ƙarƙashinsa an yanka mata nata ɓangaren, har ana ba da labarin waɗanda suka makara aka ce da man kaɗe za su kwaɓa tasu ƙasar maimakon ruwa. Ko labarin ya faru haka ko an ƙara masa gishiri, ya nuna cewa talakawan da suka ɗauki duwatsun ba su manta da nauyinsu ba. A farkon ƙarni na 18 sarakunan Kabi suka bar Surame suka koma Birnin Kabi. An ayyana kufan a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1964, kuma Nijeriya ta sa shi cikin jerin wuraren da take nema wa amincewar UNESCO a 2007. Na je sau ɗaya muna ɗalibai. Dogayen layukan duwatsu ne a cikin daji, wasu wurare sun fi mutum tsawo, wasu sun zube sun zama tsibi, itatuwa sun tsiro ta tsakiyarsu. Ban da mu da wasu makiyaya babu kowa.

Saboda haka amsar da na fara ba kaina a hanyar dawowa, cewa su da dutse suka yi gini mu da ƙasa, ba ta tsaya da ƙafarta ba. Surame dutse ce, ga ta a kwance. Gidan Rumfa na Kano kuwa, sa'an Elmina a shekaru, da ƙasa aka fara shi, kuma har gobe sarki na kwana a ciki. Masallacin Jenne a Mali ƙasa ne, mutanen garin na fitowa kowace shekara su yi masa yaɓe. Elmina ta tsira ne saboda ba a taɓa rasa mai bukatarta ba. Ɗan kasuwa ya bar wa soja, soja ya bar wa ma'aikacin mulkin mallaka, har makarantar horar da 'yan sanda an yi a ciki, yanzu kuma kuɗin 'yan yawon buɗe ido ne ke sayen farar ƙasar da ake shafa mata. Ganuwar birni a ƙasar Hausa kuwa aikin gayya ce. Bayan kowace damina sarki zai sa a yi shela, unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye a fito a gyara inda ruwa ya ci. Ranar da tsoron hari ya ƙare, ranar gayyar ta mutu, damina kuma ba ta fasa zuwa ba.

Ganuwar Gwandu ta fi Surame kusa da ni, kuma labarinta ya fi taɓa ni, domin an san dalilin gina ta da shekarar da aka gina ta.

Ana cewa asalin garin gandun Kanta ne, daga nan sunan ya samo tushe. A 1805, bayan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jeɗo sun ci Birnin Kabi Sarki Muhammadu Hodi ya tsere, Shehu Usmanu ya taso da jama'arsa ya sauka Gwandu. Wuri ne mai ruwa da dausayi a cikin kwari, tuddai masu duwatsu sun kewaye shi, ga abinci ga makiyaya, abin da jama'ar ta daɗe tana nema tun bayan wahalar Tsuntsuwa. Sai dai garin ba shi da ganuwa. Kafin shekarar ta ƙare Gobirawa da Kabawa da Azbinawa suka haɗa kai suka taho. Aka gwabza a Alwasa, aka yi wa masu jihadi mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka janyo jiki zuwa Gwandu, abokan gaba na biye. A nan mata da yara suke, a nan Shehu yake, a nan littattafai suke. Kwanaki aka yi ana fafatawa a bakin gari kafin maharan su karye, kuma masu tarihi sun lura cewa duwatsun da ke kewaye da garin sun hana dawaki da raƙuma sakewa. Da Gwandu ta faɗi a wannan mako, da wuya a ce an ci Alƙalawa a 1808, da wuya a ce an gina Sakkwato a 1809. A shekarar da ta biyo baya, 1806, Muhammadu Bello ya yi wa garin ganuwa.

Na kan yi tunanin waɗanda suka kwaɓa wannan ƙasa. Mutane ne da ba su daɗe da binne 'yan'uwansu ba, malamai da almajirai da makiyaya da ba su gaji gini ba, da bayi waɗanda ba a tambaye su ra'ayi ba. Ba don ado suka yi ta ba.

A 1812 Shehu ya raba kula da daular gida biyu, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi ya koma Gwandu da abin da ke ransa, har sai da tawayen Kalambaina ya taso Bello ya kawo masa ɗauki, baffa da ɗa suka shirya a bakin daga. Daga wannan ƙaramin gari aka riƙa naɗa sarakuna ana karɓar gaisuwa tun daga Ilori da Nufe har zuwa Sayi da Liptako a yammacin Kwara. Amma a ƙofar gida wuta ba ta mutu ba. Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabawa a Argungu a 1849, aka shiga yaƙin da ya ci kusan rabin ƙarni. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a fagen fama. Sulhun da ake kira Lafiyar Toga bai kai shekara goma ba. Sarakunan Gwandu suka riƙa zama Ambursa don su tare hanya, garuruwan da ke wannan yanki kuma kowanne ya zama ribaɗi, manomi na noma yana waiwaye. Garinmu Kalgo, inda hakimi ke riƙe da sarautar Sarkin Gobir, cikin wannan zaman ɗar-ɗar ya girma. Sai Turawa suka zo, bayan rikicin Satiru na 1906 aka tuɓe Sarki Muhammadu Bashiru, hedikwatar masarauta ta tabbata a Birnin Kabi. Gwandu ta rage da suna da hubbare.

Wani abu da ke ba ni sha'awa shi ne cewa Gwandu ma ta taɓa karɓar nata ɗan yawon buɗe ido. A watan Mayu na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a garin kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Sarki Halilu ɗan Abdullahi, mutum mai gudun duniya, bai yarda sun haɗu ba. Barth ya yi ƙorafin fadawa, ya yaba ayabar garin da albasarsa. Na karanta wa Baffa wannan wuri, shi kaɗai ne ya burge shi a duk tarihin. Amma babban abin da baƙon ya samu a Gwandu littafi ne. Wani malami daga gidan sarauta ya ara masa kwafin Tarihus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, ya zauna ya kwafe abin da ya iya, yana zaton ma na Ahmad Baba ne. Ta wannan hanya masanan Turai suka fara sanin tarihin Sanwai dalla-dalla, kuma a cikin wannan littafi ne labarin tawayen Kanta yake. Wato labarin mai Surame a cikin taskar waɗanda suka rusa gadon sarautarsa aka tsince shi.

Wannan ne ya sa ba na yarda da masu cewa ba mu adana komai ba. Mutanen Gwandu sun zuba ƙarfinsu a takarda. Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829, ya bar Liya'ut Tawili a tafsiri, da Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki, da Tazyinul Waraƙati mai ɗauke da waƙoƙinsa da labarin yaƙe-yaƙen, da wasu da dama a nahawu da fiƙihu. Har yau ana karanta su a zaure da jami'a. Wanda ya shiga hubbarensa a Gwandu zai ga baƙi daga nesa suna ziyara, ba tikiti ba jagora. Ta wannan fuska ba mu da abin jin kunya a gaban Elmina.

Ta ɗaya fuskar ce nake da magana, kuma a nan zan koma ga dattijuwar da ta riƙe hannuna.

Gini irin Elmina ba ya barin mutum ya zaɓi abin da zai tuna. Ko ka so ko ka ƙi, in ka hau ɗakin gwamna sai ka bi ta gaban kurkuku. Takarda kuwa tana barin ka buɗe shafin da kake so. Mu a makaranta an koya mana Tafkin Kwatto da Alwasa da Alƙalawa, an koya mana sunayen masu tuta. Ba na tuna ranar da wani malami ya tsaya ya ce mana gaisuwar da Nufe da Ilori ke aikowa Gwandu har da mutane a ciki, ko ya bayyana mana su wane ne ke noma rumada da gandaye, ko ya ce kasuwar Jega, wadda muke alfahari da girmanta a zamanin da, ba goro da tufafi kaɗai ake ciniki a cikinta ba. Hanyar fataken Gwanja da ke ratsa wannan yanki ta bi ta Bargu da Zugu zuwa Salaga tana kawo goro, tana kuma kai kanwa da tufafi da bayi. Daga Salaga hanya ta miƙe zuwa Kumasi, daga Kumasi zuwa bakin teku.

Gaskiya ta wajabta in auna maganata. Holan ta haramta fataucin bayi ta teku a 1814, saboda haka lokacin da Gwandu ta yi ƙarfi kurkukun Elmina ya riga ya daina aikinsa na da. Mafi yawan Hausawa da Nufawa da Yarbawan da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka watsar ta Ikko da Badagiri da Wida aka fitar da su, kuma da yawansu Bahiya ta ƙasar Birazil aka kai su. A can Hausawa suka shirya bore a 1807, suka sake tayarwa a 1809 da 1814, sannan Musulmin birnin suka yi babban tashin 1835, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mahommah Baquaqua, ɗan Zugu wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, ta Wida aka fita da shi, ya tsere a New York, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854, shekara guda bayan Barth ya zauna yana kwafar littafi a Gwandu. Motar albasarmu ta bi ta garinsu da dare, ina barci a kan buhuna. Amma Elmina ma ba ta rabu da 'yan arewa ba. Tsakanin 1831 da 1872 mutanen Holan sun ɗebi mutum wajen dubu uku daga nan zuwa aikin soja a tsibirin Jaba, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka saya a Kumasi aka ce an 'yanta su. Da Ingilishi suka karɓi wurin kuma, da dakarun Hausawa da suka kwaso daga Ikko suka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma da yawa cikin waɗannan dakaru bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Mai tsiren da na ci abinci wurinsa a bakin gadar Elmina ya gaishe ni da Hausa garau, ya ce kakan kakansa soja ne, amma bai san garinsu ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne cewa jihadin kansa a kan kamammu ya fara. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta afka wa Gimbana, garin jama'ar Abdussalami, nan kusa da Jega, ta koro mutane a ɗaure, da aka zo wucewa da su ta Ɗagel almajiran Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a farkon 1804. Malaman jihadi sun yi rubutu mai zafi a kan haramcin bautar da Musulmi ɗa, kuma Bello ya nuna wa Clapperton a 1824 cewa a shirye yake a hana kai bayi bakin teku. Amma ba su ce a daina bauta ba, kuma wanda aka yanke wa hukuncin cewa shi ba Musulmi ba ne, ko ya yi tawaye, ya shiga halal. Wa ke yanke hukuncin a tsakiyar hari, da dare, a ƙauyen da ba alƙali? Malam Abdullahi da kansa ya ga inda abin ya dosa tun da wuri. Wajen 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda ya ga 'yan'uwansa sun karkata ga mulki da dukiya da tara ƙwaraƙwarai, mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami kafin ya dawo. Idan shi da ya ja daga a Tafkin Kwatto bai ji nauyin faɗin wannan ba, ban ga dalilin da zai sa jikokin almajiransa su ji ba. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Na je Elmina na hango na Fotugal da Holan sarai, domin an shafa masa farar ƙasa an sa masa jagora. Nawa kuwa a kansa nake tsaye tun haihuwa. Sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya, lokacin an riga an haifi kakata.

Akwai mutum ɗaya da ya taka hanyar nan tun kafin ni, ya kuma yi abin da nake ganin ya kamata. Alhaji Umaru na Salaga, wanda aka haifa a Kano a 1858 amma asalin gidansu Kabi ne, ya yi karatu a wannan yanki namu, ya bi fatake har Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete Karachi inda ya rasu a 1934. Ya rubuta tarihin Kabi da na sauran ƙasashen Hausa da harshen Hausa, kuma bai tsaya kan sarakuna ba. Ya rubuta yadda ake noma da fatauci da aure, da yadda bayi ke rayuwa a gidajen iyayengijinsu. A jami'a sau ɗaya na ji an ambaci sunansa.

Da muka dawo gida na ɗauki ranar Juma'a na tafi Gwandu. Bayan an sauko daga masallaci na yi ziyara a hubbare, sannan na tambayi wani dattijo da ke zaune a inuwa ko zai nuna mini inda ganuwa ta bi. Ya tashi da sandarsa muka zaga. Yana nuna mini wani ɗan tudu a bayan gidaje, da wani kwari da aka cike da shara, da inda masu tubali suka ɗebe ƙasa, yana cewa nan ta bi, nan ta karya. A wurare da dama sandar kaɗai ke ganinta. Ya ce, "Ɗana, mu ma haka munka ishe ta, sai dai ta fi haka tsawo." Na zana abin da ya nuna mini a bayan littafin lissafin albasa.

Da dare na shiga ɗakin kakata. A gidanmu akwai wata tsohuwa da ake ambata jefi-jefi, kakar kakata ta wajen uwa, wadda aka ce tsagar fuskarta ba irin tamu ba ce, kuma har ta mutu harshenta bai miƙe da Hausa ba. Tun ina yaro nake jin haka ban taɓa tambaya ba. Na ce, "Kaka, wai ita daga ina ta zo?"

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Maigidana, mi kaka nema ga wanga zance? Uwarmu ta. Ita ta haifi wadda ta haifi innata."

Na ce na sani, garinsu nake tambaya.

Ta ce daga Nufe anka zo da ita, tana yarinya, cikin kayan gaisuwa. Ta ce an ce ba ta cin tuwon gero sai dole, kuma in damina ta faɗi takan tafi bakin fadama ta zauna ita kaɗai tana kallon ruwa.

Na ce mene ne sunanta.

"Alheri aka ce mata," in ji Kaka. "Amma wannan nan anka sa mata shi. Na can gidansu ba wanda ya riƙe."